Wa ya taɓa duba hoton tauraron ɗan'adam kafin ya sayi fili? Ku ba mu labari

Ɗan Kusuri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Damina na matsowa, dillalai kuma sun fara tallar filaye masu araha a bayan gari. Tun ambaliyar Oktoban 2022, da kogunan Logon da Shari suka cika suka shiga unguwannin Waliya da Tukra na Injamena har gwamnatin Chadi ta kafa dokar ta-ɓaci, jama'a a nan Kusuri da tsallaken gadar Ngeli suka fara duba taswira kafin su zuba kuɗinsu a ƙasa. Ina so mu tara abin da kowa ya gani da idonsa: da me ya duba, me ya gani, ina abin ya tsaya.

Magini daga Waliya:
Wa alaikumus salam. Ni Google Earth na kwamfuta nake buɗewa, don yana da wurin da ake komar da hoto baya shekara-shekara. Wani alhaji ya kira ni in yi masa lissafin bulo a filin da ake masa ciniki. A watan Maris wurin fako ne, ƙayau. Da yarona ya ja hoton baya, sai ga filin baƙi ƙirin, ruwa kwance, a wani hoton kuma ramukan masu buga bulo ne jere. Muka koma da diga. Ba mu yi nisa ba sai leda da tsumma da toka, ashe cike ramin aka yi da shara aka rufe da yashi. Alhaji ya fasa. Ginin da aka ɗora a kan irin wannan, ko ruwa bai zo ba tsagewa zai yi.

Ɗalibar jogarafi, Jami'ar Marwa:
Baba magini, Allah ya saka. Bari in ƙara abin da muke yi a aji. Hotunan taurarin ɗan'adam na Sentinel-2 na Tarayyar Turai kyauta ne, kuma kusan duk kwana 5 ake samun sabo, amma kowane ɗigo a hoton mita 10 ne a ƙasa. Za ka ga unguwa ta nutse, ba za ka ga lungunku ba. Ga kuma gajimare: a Agusta, lokacin da aka fi bukatarsa, sau da yawa fari fat kawai za ka samu. Sai mu koma Sentinel-1, mai aiki da radar, shi gajimare ba ya tare shi, ruwa kwance yana fitowa baƙi. Mu ɗora duka a QGIS, manhajar haɗa taswira, ita ma kyauta ce.

Abin da ya fi damuna shi ne tudu da kwari. Bayanan tsayin ƙasa da aka fi samu, na SRTM, tun 2000 aka ɗauke su, ɗigonsu mita 30, kuma kuskurensu kan kai mita da yawa. A Marwa da muke da duwatsu, ga kogunan Mayo Kaliyawo da Mayo Canaga sun tsaga gari, yana taimakawa. Amma Injamena da Kusuri shimfiɗe suke kamar faifai. Rabin mita ke raba gidan da ya tsira da wanda ya zube, kuma wannan rabin mitar ba ya fitowa daga sama. Don Allah kada wani ya nuna maka taswira mai launin ja da kore ya ce an gama magana.

Mai klando (ɗan acaɓa) a Dembe:
Ni dai damuwata sunaye. Taswirar wayata lambar titi take faɗa, fasinja kuwa cewa yake bayan masallaci, kusa da mai shayi. Ta taɓa nuna min hanya ta tsakiyar kududdufi a Satumba.

Maman 'yan biyu, Kusuri:
Gaskiyarki ƙanwata ɗaliba. Na yi aikin tambayoyi gida-gida da KoboCollect, manhajar cike fom a waya, bayan ruwa ya janye. Ba ta bukatar rezo, wato sabis ɗin waya, sai ka dawo gari ka tura. Mun fara gaida bulama, ya haɗa mu da yaro. A kowane gida akwai zanen da ruwa ya bari a bango, ƙasa-ƙasa da gansakuka. Mu aza sandar awo, mu ɗau hoto, waya ta riƙe wurin. Mazan da ke cikinmu a zaure suke tsayawa, mu mata ne ke shiga ciki, kuma a ciki labarin yake. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta kai ni bayan madafa ta nuna min ta inda ruwan ya fara ɓullowa, ta ramin masai, kwana biyu kafin ya shigo ta ƙofa. Wannan babu tauraron da zai gaya maka. Sai dai ku sani, GPS na waya yakan kauce 'yan mitoci, gidan wani ya faɗa na maƙwabcinsa, don haka a riƙa rubuta alama da hannu.

Ɗan sa-kai na OpenStreetMap, Garwa:
Ɗan uwa mai klando, maganin kukanka yana hannunka. OpenStreetMap, taswirar intanet da jama'a ke zanawa, tun 2004 take, kowa na iya yin rajista ya sa sunan da mutane ke kiran wuri da shi. Mu a nan magudanan ruwa muke zanawa, da inda suka toshe, don in kogin Binuwai ya cika ko an saki ruwan madatsar Lagdo a san ta ina zai bi. Abin da ka sa yana fitowa a manhajar waya ta OsmAnd, ka sauke taswirar sau ɗaya ka yi ta aiki babu data.

Dattijo daga Yagwa:
'Ya'yana, abu biyu. Taswira ba takardar fili ba ce, a je ofishin ƙasa a tabbatar. Sannan kada zumuɗi ya sa wani ya tayar da jirgi maras matuƙi a yankin nan ba da izinin hukuma ba.

Ɗan Kusuri:
Na gode ƙwarai, Baba mun ji. Maman 'yan biyu, in fom ɗin naku yana nan ki turo min, in bulaman unguwarmu ya yarda mu fara awon bango ranar Asabar kafin masu yaɓe su shafe zanen. Mutanen Shagwa da Farsha na Injamena, ba mu ji daga gare ku ba tukuna.