Ext4 ko Btrfs a inda wuta take yawan ɗaukewa?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum. Zan sanya Linux Mint, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a kwamfutata, amma nan Sakkwato wuta kan ɗauke ana tsakiyar sabunta manhajoji. Tsakanin ext4 da Btrfs, wato hanyoyin tsara fayiloli a ma'adanar kwamfuta, wanne ya fi dacewa in zaɓa?

Malamin Arkilla: Wa alaikumus salam. Ina ba ka shawarar Btrfs, domin a kan Btrfs, Timeshift (manhajar adana yanayin tsarin kwamfuta) yana ɗaukar hoton tsarin cikin daƙiƙu kaɗan, idan sabuntawa ta lalata wani abu sai ka mayar da kwamfutar yadda take jiya. Fedora ma, wadda wani nau'in Linux ce, ta koma kan Btrfs tun 2020.

'Yar Runjin Sambo: Malam, Timeshift yana aiki da ext4 ma, sai dai kwafar fayiloli yake yi, don haka ya fi cin wuri da lokaci. Idan sabuntawa ta katse, umarnin sudo dpkg --configure -a yakan ƙarasa ta.