Malamina ya ce Scribe ɗan kasuwa ne, in canza batu?

Ɗalibar Faransanci: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekarar ƙarshe a sashen Faransanci, na zaɓi in yi kundin kammala digirina a kan Eugène Scribe, marubucin wasan kwaikwayon nan na Faransa da aka haifa a Paris a 1791, ya rasu a 1861. Jiya na kai wa malamina tsarin aikin. Ya duba sama-sama, ya turo min takardar ya ce wai Scribe ɗan kasuwa ne ba marubuci ba, me ya hana in ɗauki Molière, shahararren marubucin wasan kwaikwayon Faransa, kamar kowa. Wata biyu ke nan ina karatu a kan mutumin nan. In haƙura in canza, ko in dage?

Tsohon malami: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminki bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa. Scribe ɗan mai sayar da alharini ne, lauya aka so ya zama, ya watsar ya kama rubutun wasa. Ya rubuta wasanni ɗaruruwa, yawancinsu da abokan rubutu, ya kuma tara dukiya da alƙalaminsa. Wannan ne ya sa manyan marubutan Faransa irin su Émile Zola suka raina shi. Amma an zaɓe shi cikin Académie française, majalisar manyan masana harshen Faransanci, a 1834, kuma salon da ya tsara na gina labari, wanda Faransawa ke kira pièce bien faite, wato wasan da aka ƙera da kyau, ya bi Turai duka. A wannan salon, sirri ne da mai kallo ya sani, jarumi bai sani ba, ko wasiƙa ta faɗa hannun da bai kamata ba, abu ya yi ta ƙullewa har a warware shi a ƙarshe. Ibsen ma, babban marubucin wasan kwaikwayon Norway, yana matashi a garin Bergen ya yi aiki a gidan wasan da ake yawan nuna wasannin Scribe. Matsalar tsarinki ita ce kin ɗauko rayuwarsa gaba ɗaya. Ki taƙaita.

Baban Ummi: Ni dai a ganina kada ki yi jayayya da mai sa miki maki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mai rubutun wasan rediyo: Baban Ummi, ba jayayya za ta yi ba, hujja za ta kai. Ƙanwata, ɗauki wasa ɗaya tak: Le Verre d'eau, wato Kofin Ruwa, na 1840. A fadar Sarauniya Anne ta Ingila aka kafa labarin. Kofin ruwa ne kawai matar Marlborough, babbar mai faɗa a ji a fadar, ta zubar a rigar sarauniya, daga nan ta rasa matsayinta, abokin hamayyarta Bolingbroke ya samu shiga, siyasar ƙasa ta juya. Zauna da fensir ki bi fage-fage, ki rubuta wa ya san me, yaushe ya sani. Ni da na gwada haka, sai da na koma na gyara wani wasana da ya ƙi tafiya tun kashi na uku.

Ɗan Damagaram: Kada a manta da ɓangaren opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi cikin waƙa, nan ne ma sunansa ya fi daɗewa. Ya yi aiki da manyan masu tsara kiɗa: shi ya rubuta wa Meyerbeer baitocin Robert le diable a 1831 da Les Huguenots a 1836, ya yi wa Halévy La Juive a 1835, har Verdi ya yi aiki da shi. Kuma La Muette de Portici ta Auber, wadda yake cikin marubutanta, ita ake nunawa a Brussels ranar 25 ga Agusta 1830 da mutane suka fito daga zauren suka shiga boren da ya raba Belgium da Holan. Sai dai in ba ki da kunnen kiɗan Turai, wannan zai ba ki wahala.

Ɗalibar Faransanci: Allah ya saka da alheri. Opera kam ba zan iya ba. Zan koma wurinsa ran Litinin da kofin ruwan nan, shafi biyu kawai. Malam, ko zan iya turo maka ka duba kafin nan?

Tsohon malami: Turo zuwa Asabar da dare.