Furodusa yana son sayen fim ɗina da waƙoƙina gaba ɗaya: in sayar ko in riƙe?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ni mai gyaran waya ne a Farm Centre. Ban shiga makarantar fim ba, ban kuma yi yaron kowa a Zoo Road, matattarar 'yan fim ta Kano, ba. A YouTube na koyi tace hoto. Da CapCut na fara a waya, da na sayi tsohuwar kwamfuta sai na koma DaVinci Resolve tunda akwai ta kyauta. Kiɗa a FL Studio nake haɗawa. Murya kuwa sai dare ya raba, in rataya bargo a taga saboda janareton maƙwabta, sannan in ɗauka. Cikin shekara biyu na gama fim mai dogon zango kashi 6 da waƙoƙi 4. Ni na rubuta, ni na riƙe kyamara, ni na tace, ni na rera. 'Yan wasan abokaina ne da ƙanwar matar yayana.

To wani furodusa ya gani, ya ce zai ba ni naira dubu 600 ya kwashe komai ya sa a tasharsa ta YouTube, har waƙoƙin. Ya ce ba sai mun yi takarda ba, ai duk gida ne. Tawa tashar mabiyanta 340 kacal. Hajiyarmu ta ce in karɓa in ƙara jari a shago. Zuciyata ta ƙi kwanciya. Me kuka gani?

Baba Mai Kaset: Wa'alaikumus salam ɗana. Ni a Ƙofar Wambai na sayar da kaset, tun ana maganar fim ɗin Turmin Danya da ya fito a 1990 har faifan CD ya zo ya mutu a hannunmu. A lokacinmu furodusa kwalin fim yake sayar mana, mu buga mu sayar. Mawaƙi kuwa a sutudiyo ake sallamarsa, shi ke nan. Yau ga waɗancan waƙoƙin a intanet ana ta kallo, wanda ya rera ko sisi ba ya gani, don ba shi da abin nunawa. Wannan "ai duk gida ne" ita ce ba ta yi mini ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Baƙara, cewa ta yi a rubuta bashi a sa shaidu. Shi wane ne da zai ce kada a rubuta?

Sarkin Gaggawa: Malam ka karɓi kuɗinka. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kafin YouTube ta fara raba maka kuɗin talla sai ka haɗa mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Daga 340 yaushe za ka kai? Ko ka kai, tallan masu kallo daga Najeriya ba ya da tsoka kamar na masu kallo daga Turai ko Amurka. Hajiya ta fi mu gaskiya.

Maman Ilham: Ƙanena, ni tace fim nake yi shekara da shekaru, kuma ban yarda da sayarwa ba, ban yarda da ƙin tayin ba. Raba kayanka gida biyu.

Fim ɗin ka ba shi haya, shekara ɗaya ko biyu, a rubuce, ranar farawa da ranar ƙarewa. Tasharsa tana da jama'a, kai kuma ido kake buƙata yanzu. Amma a rubuta cewa sunanka zai fito a farkon kowane kashi a matsayin marubuci da darakta, kuma a sa adireshin tasharka a ƙarƙashin bidiyon.

Waƙoƙin kuwa kada ka saki. Fim ana kallonsa sau ɗaya a wuce, waƙa ita ce ake maimaitawa a gidan biki da cikin adaidaita sahu. In ya riga ka yi musu rajista da sunansa, tsarin Content ID, wanda YouTube ke gane mai waƙa da shi, zai kama su, ranar da ka ɗora waƙarka a tasharka kuɗin shi zai tafar wa. Na ga wanda hakan ta faru da shi, har kuka ya yi. Ka adana fayilolin FL Studio na asali da muryarka tsura a wuri biyu, su ne shaidarka.

Sannan ka je Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano kafin a saki komai. Tun 2001 take, kuma fim ɗin YouTube bai fita daga idonta ba. Ita kuma ƙanwar matar yayanka da ta fito a fim ɗin, iyayenta sun san fuskarta za ta shiga duniya? Ka nemi yardarsu tun yanzu, surukuta ba abin wasa ba ce.

Na Damagaram: Ɗan uwa, na leƙa tasharka na kalli tallan fim ɗin. Hoto ya yi, wallahi. Amma wurin da uwa take yi wa ɗanta faɗa a tsakar gida, zakara na fi ji fiye da ita. Ka sayi ƙaramar makirfo ta maƙalawa a riga, ka samu yaro ɗaya ya riƙe maka sauti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma kada ka bar shago, shi yake sayen data.

Ɗan Kurna: Allah ya saka da alheri. Na kira shi ɗazu bayan la'asar, na ce fim haya shekara ɗaya, waƙa ba ta sayarwa ba ce. Ya yi shiru, can sai ya ce in babu waƙoƙin dubu 250 zai bayar. Ashe su yake hari tun farko. Na ce zan neme shi jibi. Anti Maman Ilham, takardar nan dole sai lauya, ko mu rubuta da hannu mu sa shaidu biyu ta wadatar?

Maman Ilham: Nemi lauya, kuɗinsa bai kai na waƙa ɗaya ba. Kuma ka tafi da yayanka.