Fulot ɗin tankin 504: kowanne aka samu zai yi?

Mai Fijo: Salamu alaikum. Peugeot 504 ɗin mahaifina nake tayarwa, haɗin Kaduna. Allurar gejin mai ta kwanta ƙasa ko da tanki a cike yake. Wani mai kayan gyara ya ce in sayi kowane sabon fulot, wato na'urar cikin tanki da ke gaya wa geji yawan mai, wai duk ɗaya ne, sandarsa kawai ake lanƙwasawa. Haka ne?

Direban Zariya: Gaskiya ya faɗa maka. Mun daɗe muna jan fijo tsakanin Zariya da Kano, haka muke yi. Ƙarfe ne da ɗan tulu mai yawo a kan mai, mene ne abin wahala?

Baba Rewaya: Direba, bar wannan zance. Lanƙwasa sanda zurfin tanki kawai take daidaitawa. Aikin yana can cikin ɗan akwatin da ke gindinta: siririyar waya ce a naɗe, da harshen ƙarfe da ke gogarta idan mai ya hau ko ya sauka. Turjiyar da wuta ke gamuwa da ita a nan, wadda ake aunawa da om, ita geji ke karantawa, kuma kowane kamfani da lissafinsa. Motocin GM na Amurka daga 1965 zuwa ƙarshen shekarun 1990: 0 in tanki ya ƙare, 90 in ya cika. Tsofaffin Ford da Chrysler kuwa 73 a ƙare, 10 a cike. Ka ga sun juya wa juna baya. Waɗanda ake cewa na kowace mota ne galibi 240 zuwa 33 ne, akwai kuma na kamfanin VDO mai 10 zuwa 180. Ka haɗa wanda ya saɓa da gejinka, allura ta ce maka a cike kake alhali ko ɗigo babu.

Direban Zariya: Amma nawa ya yi aiki, Baba.

Baba Rewaya: Motsi ya yi, ɗana. Ka taɓa auna rabin da yake nuna maka?

Ɗan Panteka: Shi ya sa ni nake cewa a nemi na asali, wanda aka ciro daga wata 504. Sai dai a kula, tankin salun daban, na wagon daban, na fikof daban.

Baba Rewaya: Na yarda, amma mai shekara arba'in wayarsa ta sha guga. A sa masa mita mai auna om, a ɗaga sandar a hankali. In lamba na tsalle ko tana ɓacewa a tsakiya, a bar musu kayansu. Kai kuma Mai Fijo, kada ka sayi komai tukuna. Kunna makulli, cire wayar fulot ka dubi allura, sannan ka ɗan taɓa ta da jikin mota. In allura ta tashi daga wannan gefe zuwa wancan, geji lafiya lau. Kafin ka buɗe tanki cire kan batir, kuma kada mai sigari ya matso.

Mai Fijo: Na gwada, Baba. Geji na aiki. Da na ciro fulot na girgiza tulun, sai na ji fetur na kaɗawa a ciki. Ashe hujewa ya yi ya nutse.

Ɗan Panteka: To tulun kaɗai za ka canza, da robar bakin tanki.

Direban Zariya: Ni dai har gobe in zan yi doguwar tafiya, galan ɗina na but.