Koyarwar nan ta zame mana ciwo

Malama Bilkisu: Wallahi na gaji. Tun da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, muka koma koyarwa ta intanet, ba ni da lokacin tashi daga aiki. Zoom ɗin kyauta da muke darasin bidiyo da shi minti 40 yake yi ya katse, kafin yara su sake shigowa rabin darasi ya tafi. Ka yi ta surutu kowa ya kashe kyamara, ka kira sunan yaro shiru. Sha ɗayan dare iyaye na turo hoton aikin gida dishi-dishi, sai na ja da yatsu kafin na gane rubutun. Barci ya ƙaurace min, da na ji ƙarar saƙo gabana ke faɗuwa. Koyarwar nan ta zame mana ciwo.

Abban Yusra: Malama, a yi haƙuri, amma ciwo? Ga mutane can kwance a asibiti numfashi na gagararsu, ke kina zaune a falonki. Ki dai ce gajiya.

Malam Nura: Alhaji, gajiya barcin dare ɗaya ke kore ta. Wannan fa?

Anti Rabi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin wannan yanayi na ƙarewar ƙarfi, da ake kira burnout da Turanci, a kundinta a 2019. Ta ce matsala ce da matsin aiki ke haifarwa, amma ba ta lissafa shi cikin cututtuka ba.

Malam Nura: Ka ji ko? Sun san da zamansa.

Abban Yusra: Sake karantawa, Malam. BA cuta ba ne.

Malam Nura: Ita ciwo ta ce, ba cuta ba. Wata abokiyar aikinmu hawan jini ya kwantar da ita.

Abban Yusra: Wa ya ce ba da ma tana da shi ba?

Maman Amir: Mu iyaye fa? 'Ya'yana uku ke layin waya ɗaya, ni nake zama da su ina bayanin da malami ya tsallake. Kuma an karɓi kuɗin makaranta cif.

Malam Nura: Hajiya, ba aljihunmu ya shiga ba. An rage mana albashi, data ma da kuɗinmu muke saya.

Malam Isa: Ku na makarantun kuɗi kuka jawo wa kanku, kuna gasar burge iyaye.

Malam Nura: Ku na gwamnati da albashinku ke shigowa kuna kwance, ku yi mana shiru.

Malam Isa: Janye kalmar nan! Wa ke kwance?

Malama Bilkisu: Don Allah, ni maganar barcina nake yi.

Malama Hauwa, shugabar zaure: To, ya isa. Abin da muka fahimta, malamai na cikin ciwo, har Hukumar Lafiya ta tabbatar, kuma wanda bai taɓa riƙe alli ba ba zai gane ba. Iyaye su daina turo saƙon dare.

Maman Amir: Nawa ƙorafin fa, Malama? Ko ba ki gani ba?