Wai da gaske kimiyya daga neman zinare ta samo asali?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya, jiya muna hira a majalisa bayan isha'i wani yayanmu dake koyarwa a sakandare yace wai kalmar kimiyya da muke faɗa yanzu asalinta sunan wata sana'a ce ta mutanen da, masu dafa dalma da tagulla suna neman su maida su zinare, mukayi ta masa dariya yace to ku je ku bincika. Abinda ya ƙara ɗaure min kai, nasha jin masu bege a wajen maulidi suna kiran shehi kibritul ahmar, wato jan kibrit, kibrit kuwa ai farar wuta ce, shi yace wannan ma daga can ta fito. Ina haɗin shehi da farar wuta? Kuma su mutanen sun taɓa samun zinaren kuwa, ko dai 'yan ninka kuɗi ne na zamaninsu?

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ƙanina je ka baiwa yayanka haƙuri, gaskiya ya faɗa. Larabawa na ce mata alkimiya, daga nan muka aro, turawa ma daga nan suka aro. Tun kafin musulunci akwai ta a Masar, a garin da yanzu ake kira Akhmim akwai wani Zosimos wajen shekara ta 300 miladiyya wanda ya rubuta yadda ake tace abubuwa da tururi, kuma a cikin rubutun nasa har da mafarkai na mutum ana dafa shi yana zama ruhi. Kaga tun farko tukunya da ruhi a tare suke tafe.

Da ta shigo hannun musulmi sunan da ya fi fita shine Jabir bin Hayyan na Kufa, ƙarni na 8. Abinda littafan da ake jingina masa suka koyar shine duk wani ƙarfe a cikin ƙasa ɗan abu biyu ne, farar wuta wato kibrit, da zaiba. In biyun suka haɗu tsarkakakku kuma awonsu ya daidaita sai a samu zinare, in da datti ko ɗaya ya rinjayi ɗaya sai ya tsaya a dalma ko kuza ko tagulla. Wato a wajensu dalma zinare ce da bata da lafiya, sai a nemo mata magani, maganin nan shine al'iksir, gari ne wai ɗan kaɗan za'a barbaɗa a narkakken ƙarfe ya warke. Jan kibrit ɗin da kake tambaya ɗaya ne daga sunayen wannan abin, kuma saboda ba'a samunsa larabawa suke buga misali dashi akan duk abinda yayi wuyar samu.

Dan Tasha:
Malam ayi hakuri amma ni duk wannan damfara ce da rawani. Kawuna a kauye haka wani mutum yazo masa da kwarya da turare yace zai maida masa sarkar tagullar matarsa zinare, ya karbi kudin shanu biyu wai na kayan hadi, yace kar a bude sai bayan kwana bakwai, wlh har yau kawu baya son a ambaci kwarya a gabansa

Abban Sadiq:
Hhh Allah ya maida wa kawu da alheri. Ai ba kai ka fara faɗa ba Ɗan Tasha, manya sun riga ka. Ibn Sina yace iyakacin abinda masu wannan sana'a ke yi rini ne, su canza wa ƙarfe launi amma asalinsa na nan. Ibn Khaldun a Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, babi guda ya ware yana rushe ta, har ya lura cewa Ibn Sina da ya musa waziri ne mai hali, Farabi da ya yarda da ita kuma talaka ne. A tafsiri ma in ka duba ayar Ƙaruna a suratul Ƙasas inda yake cewa an bashi dukiyar ne akan wani ilimi dake wajensa, wasu sunce ilimin alkimiya ne, Ibn Kasir yace wannan magana mai rauni ce domin juya ainihin abu sai Allah. A Turai Paparoma ya fidda doka akan masu zinaren jabu a 1317, Ingila ta haramta a 1404.

Amma fa kar a haɗa su duka a buhu ɗaya. Abubakar Arrazi likitan Bagadaza wanda ya rasu wajen 925 shima ɗan wannan fanni ne, littafinsa Sirrul Asrar jerin kayan aiki ne da sinadarai aji aji, ka rantse jagoran ɗakin gwaji ne.

Maman Ilham:
Ni malamar kemistiri ce bari in sa baki. Abinda ke bani mamaki shine 'yan Sin da basu san Jabir ba suma akan zaiba suka faɗa, saidai su ba arziƙi suke nema ba, rashin mutuwa suke nema. Akwai wani jan dutse da in ka gasa shi zaiba ke fitowa tana sheƙi kamar azurfa mai gudu, in ka sake haɗa ta da farar wuta ka ɗumama sai ta koma ja, to mutumin da bai san atam ba ya ga abu ya mutu ya dawo a gaban idonsa me kake so yace? Wani malaminsu Ge Hong a ƙarni na 4 ya rubuta cewa ganye in an ƙona shi toka yake zama amma wannan dutsen komawa yake, don haka shi ne maganin dawwama. Sarakunan daular Tang da dama wannan maganin ne yayi ajalinsu, akwai Wuzong da ya mutu a 846 bai wuce talatin da kaɗan ba. Garin wannan haɗe haɗen ne ma suka gano albarushi, ana neman tsawon rai aka samo abin bindiga.

Daga baya da yawa daga malaman addinin Tao na Sin suka maida abin ciki, suka ce jikinka shine tukunyar, numfashi shine wutar, babu abinda zaka haɗiya. A Indiya kuma mabiya Shiva, ɗaya daga abubuwan bautar Hindu, suna ɗaukar zaiba a matsayin maniyyinsa, Albiruni ma ya bada labarin nasu fannin a littafinsa akan Indiya wajen 1030 kuma bai raga musu ba.

Dan Allah tunda anzo nan, zaiba guba ce, masu haƙar zinare a wajajenmu har yanzu suna ƙona ta suna shaƙar hayaƙin. Dalma ma haka, kowa ya tuna 2010 a Zamfara yara sama da 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje.

Baffa Maraɗi:
Ɗana Ɗan Fagge, tambayarka ta shehi ce ba'a gama amsawa ba. Mu a wajenmu dalmar nan ita ce zuciyarka, nauyi gareta da duhu, ga hassada ga son a sani, amma zinaren yana cikinta tun asali, shi yasa ake wahala da ita, da babu ai da an bar ta. Wutar ita ce mujahada, azumi da tsayuwar dare da haƙuri da mutane wanda shi yafi zafi wallahi. Shehi na gaskiya shine ɗan garin da ake barbaɗawa, zama dashi kaɗan sai hali ya canza, kuma samunsa wuya kamar jan kibrit. Da wannan laƙabi ake kiran Ibn Arabi wanda ya rasu a Dimashƙa a 1240, Imam Sha'arani ma littafin da ya yi akan iliminsa Alkibritul Ahmar ya sa masa. Imam Gazali kuma da zai taƙaita Ihya da farisanci sai ya kira shi Kimiya'us Sa'ada, yace kamar yadda sirrin maida tagulla zinare ba'a samunsa a ɗakin kowace tsohuwa sai a taskar sarakuna, haka wannan ma taskarsa zukatan annabawa ne. Zunnun Almisri ma ɗan Akhmim ɗin nan ne da Malam ya ambata, kuma an jingina masa sanin alkimiya.

Maman Ilham:
Baffa na yarda da ma'anar, amma kar mu ce duk masu tukunyar nan wa'azi suke a ɓoye kamar yadda wasu turawa suka ɗauka bayan littafin masanin halayyar ɗan adam Carl Jung na 1944. Mutanen nan da gaske suke hura wuta. Wani Hennig Brand a Hambug ta Jamus ya tara fitsari bokiti bokiti yana dafawa a 1669 saboda yaga ruwan ɗorawa ne yana zaton zinare na ciki, sai ya samo fosfaras, abin da ke kama wuta a ashana. Newton da muke koyar da yara dokokinsa ya rubuta kalmomi kusan miliyan akan alkimiya, sai a 1936 da akayi gwanjon takardunsa abin ya bazu.

Kuma Ɗan Fagge amsar tambayarka ta ƙarshe, su basu samu ba, amma a 2025 cibiyar binciken kimiyya ta CERN dake iyakar Suwizalan da Faransa ta sanar cewa injinta ya maida dalma zinare, firoton, wato ƙananan ƙwayoyin dake tsakiyar atam, 82 ne da dalma, zinare 79, in uku suka fita shikenan. Abinda aka samu daga 2015 zuwa 2018 bai kai ƙwayar ƙurar da ido ke gani ba kuma nan take yake tarwatsewa.

Dan Tasha:
To Hajiya kar dai kawu yaji wannan, sai ya saida ragowar shanun ya nemi biza

Ɗan Fagge:
Hhhh. Nagode sosai Allah ya ƙara ilimi. Baffa dan Allah shi littafin Gazalin ana samun na larabci a Kurmi ko sai na farisancin?

Baffa Maraɗi:
Akwai ƙaramar risala ta larabci da wannan sunan, 'yan shafuka ne, tambayi masu littafai. Babban kuwa in kana da Ihya a gida fara da Rubu'ul Muhlikat, babin aja'ibul ƙalbi.