Tsohuwar waƙa a fim na biyu

Masu haɗa sautin fim sun tattauna kan kiɗan da ya dace da kashi na biyu na fim ɗin soyayya mai barkwanci. Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce kada a yar da amon fim na farko. A dawo da shi, amma a sauya masa kaya: in fiyano ya ɗauke shi a da, yanzu a ba wa goge da sarewa na okestira, don mai kallo ya ji masoyan sun girma.

Kan tsofaffin waƙoƙi aka fi daɗewa. An kawo misalin fim ɗin Mamma Mia! Here We Go Again na 2018, inda mawaƙiya Cher ta rera "Fernando", waƙar ƙungiyar mawaƙa ABBA ta 1976. Gargaɗin shi ne a nemi izini tun kafin ɗaukar hoto, domin haƙƙin marubucin waƙa daban, na faifan da aka naɗa daban, kuma duka biyun kuɗi ne.

Ni shawarar da ta fi kama ni ita ce ta shiru. Idan jarumi zai yi maganar ban dariya, a janye gogen nan gaba ɗaya, kada kiɗa ya danne muryarsa.